Yadda Za Ka Rabu da Ɗan Haya Nagari, Bisa Tsarin Alhaji Ishaku

Kai mai shago, in ɗan hayarka ya ishe ka da biya a kan kari da zaman lafiya, kwantar da hankalinka. Bi matakan nan daki-daki, na yi maka alkawari kafin damina ta faɗi shagonka zai dawo hannunka fayau. Alhaji Ishaku na Bakura ya gwada, kuma ko mataki ɗaya bai ba shi kunya ba.

1. Ka ƙi takarda

Zubairu mai gyaran injin ban ruwa ya shekara uku a shagon Alhaji. Ran nan ya zo ya durƙusa, bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Alhaji, so nike in yi siminti in kafa rumfa. A rubuta muna yarjejeniyar shekara biyu, hankalina ya kwanta."

Alhaji ya dafe ƙirji. "Ni da kai har sai da takarda, Zubairu? Wata-wata dai, yadda munka saba."

Kai ma haka za ka yi, ka nuna an ci maka fuska. Takarda mutum biyu take ɗaurewa, kai kuwa mutum ɗaya kake so a ɗaure.

2. Ka bari ya gama gyaran

Ban da gaggawa. Alhaji ya bari sai da siminti ya bushe, rumfa ta tsaya. Har zama ya riƙa yi a inuwarta yana shan shayi yana yaba aikin. Yabo kyauta ne, ka yawaita shi.

3. Ka saurari baƙo

Albasa na fitowa sai ga wani dillali daga Maradun, Isa, da babbar riga da wayoyi biyu. Ya ce wurin ajiya yake nema, zai ninka kuɗin haya. Alhaji bai tambaye shi tsawon zaman da zai yi ba. Kai ma kada ka tambaya, mai wayoyi biyu ai ba a yi masa tambaya.

A ranar aka kai wa Zubairu notis ya tashi ƙarshen wata. Saura kwana tara, ana tsakiyar noman rani, ga injunan manoma goma sha ɗaya a kwance a shagon.

"Alhaji, shinkafar mutane za ta ƙone," in ji Zubairu.

"Ai wata-wata munka yi," in ji Alhaji, yana kallon wani wuri.

4. Ka yi mamaki

Manoman da kansu suka taya Zubairu kwashe kaya zuwa zauren wata dattijuwa, Gwaggo, a tsallaken titi. Sun wuce ta gaban Alhaji sau bakwai, ba wanda ya gaishe shi.

Bayan wata biyu albasa ta yi tsada a Talata Mafara. Isa ya loda mota ya yi gaba, ya bar wa Alhaji ruɓaɓɓun buhuna da ƙudaje. Alhaji ya kira shi a waya. "Malam Isa, haka aka tashi ba sallama?"

"To Alhaji, mun rubuta ranar tashi ne?"

A nan sai ka kama haɓa, ka ce mutanen yanzu ba su da amana.

5. Ka je biko

Wata huɗu shagon na rufe. Duk wanda ya leƙa sai ya toshe hanci ya ce zai yi shawara. Alhaji ya haɗiye girmansa ya tsallaka titi. Ya tarar da mai unguwa da Gwaggo da manoma zaune a kan tabarma, ga takarda a tsakiya.

Ya yi ƙasa da murya. "Zubairu, ka dawo. Shekara biyu, ko ma uku, a rubuce."

Zubairu ya miƙe ya ba shi wurin zama. "Alhaji, ka zo a daidai. Yarjejeniyar shekara biyar munka yi da Gwaggo, shaida guda ya rage." Ya miƙa masa biro da hannu biyu.

Kowa ya zuba masa ido. Alhaji ya karɓa.

"Ishaku, rubuta da kyau," in ji Gwaggo, "kada gobe a ce ba a gane hannunka ba."

Ya rubuta da kyau.

Gargaɗi: marubucin nan ba shi da shago, ba shi da ɗan haya, albasa ma a miya kawai ya san ta. Duk wanda ya bi matakan nan har aka miƙa masa biro a gaban jama'a, sunansa zai rubuta, ba nawa ba.