Sunan da Na Rubuta a Allo

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na kori ɗalibata mafi ƙoƙari da hannuna, wai ni a dole jawo ta nake a jiki.

Gama kwalejin ilimina ke nan aka ba ni ajin yaƙi da jahilci na matan aure a wani ƙauye bayan Minjibir. Ni kuwa 'yar birni, daga unguwar Rijiyar Zaki, kaina ya kumbura da abin da aka koya mana: kowace ɗaliba sai an ji muryarta, kada a bar kowa a baya. (Har gaban madubi nake tsayawa ina gwada murmushin malamai, Allah ya shirye ni.)

A ajin akwai Yaya Talatu. Ta fi kowa sammako, amma kullum tana can ƙarshen tabarma, ba ta cewa uffan. Da ƙyar maigidanta ya bar ta take zuwa, shi ma don mahaifiyarsa, Inna, tana ajin. Burinta ɗaya, ta iya karanta katin asibitin yaranta da kanta.

Ran nan na ce yau sai na fito da ita. Na rubuta "Habibu" a allo (sunan da ya fara faɗo mini ne kawai), na kira ta gaba. Ta bi haruffan da yatsa, leɓenta na motsi, sai ta tsaya cak ta sunkuyar da kai. Na ɗauka ta kasa, na ce a tafa mata. Tafin ya fito a sanyaye, amma ina, ban lura ba. Na dafa kafaɗarta ina ja mata: "Ha... bi... Faɗi mana, Yaya, ai ba ya cizo." Har cewa na yi ba za ta zauna ba sai ta faɗa da ƙarfi kowa ya ji.

Sai Inna ta yi gyaran murya.

"Malama, sunan maigidanta ne fa. A gabana kike so ta faɗa?"

Wallahi ji na yi kamar in nutse. Kakata har ta rasu ba ta taɓa kama sunan kakana ba, na sani sarai, rawar kai ce ta rufe mini ido. Ashe baiwar Allah ta karanta, kalmar farko da ta haɗa da kanta, iyawar ce ta rufe mata baki.

Yaya Talatu ta ja mayafi ta fice. Kafin la'asar labari ya zaga gari cewa malamar birni tana koya wa mata kiran miji gatsau. Maigidan ya ce karatun ya isa haka. Na je ban haƙuri, aka karɓe ni da mutunci, har gyaɗa aka ba ni, amma bai sauko ba. Har na bar garin Yaya Talatu ba ta sake taka ajin ba, kuma har gobe abin yana ci na a rai.

Yanzu in ɗaliba ta yi shiru, sai in fara zargin kaina tukuna. A allona kuwa daga akuya sai tukunya, don har yau ban ji wadda ta auri ɗayansu ba.