Ranar da Na Tarar da Yaya Isufu Cikin Shara

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da gwanintata ta kunyata ni a gaban Inna. Lokacin ina aiki a wani biro, wato ofis, na masu fito da kaya a Gaya, kusa da gadar Malanbil, kuma ni ne ke ji da kaina a kan ordinater, wato kwamfuta (a garin makafi, mai ido ɗaya sarki ne).

Akwatin mel ɗina, wato imel, ya cika da saƙonnin 'yan damfara: wannan ya ci gado, wancan zai raba dukiya da ni. Na lura duk da "Cher frère" suke buɗe baki, wato "ɗan uwa abin ƙauna". Sai na yi wa akwatin rariya, abin da ake kira filtir: duk saƙon da ya zo da kalmomin nan, a zuba shi shara. Akwati ya yi fes, ni kuma na hau kumbura.

A lokacin yayana Isufu yana aiki a jirgin kamun kifi a teku. Babu rezo, wato sabis na waya, a can, sai dai mel ta ordinater ɗin jirgi. Shiru ya yi yawa. Duk ranar kasuwa Inna ta biyo ta biro ta zauna kan benci.

"Auta, ya rubuto?"

"Bai rubuto ba, Inna. Ya ga duniya, ya manta da mu."

Haka nake faɗa da fushi, amma a raina kewarsa ce ke cin ni. Shi ya koya mini iyo a kogin da ke ƙarƙashin gadar nan, kuma in na ga kwalekwale sai in ji kamar zan hango shi.

Rannan Inna na zaune, na kira Madam Hadiza, sakatariyarmu, in nuna mata aikin gwani. Na buɗe sharar, na gyara murya irin ta mai labarun rediyo, na fara karanta na sama ina dariya: "Cher frère, jirginmu ya tsaya Kutonu kwana biyu. Na yi ta duban ƙofar tashar, ban gan ku ba. Ka gaya wa Inna ina mafarkin miyar kifinta..."

Dariyar ta maƙale. Ashe Yaya, da faransancinsa na lakwal, wato makarantar boko, haka yake buɗe kowane saƙo! A ƙasa ga wani: ranar kaza za mu iso, ka kawo mini Inna in gan ta. Na da can kuwa sharar ta riga ta shafe su.

Madam Hadiza ta koma teburinta. Inna ba ta jin faransanci, amma ta ji sunanta.

"Isufu ne?"

Na ce shi ne. Ban ɓoye mata komai ba. Ba ta zage ni ba (da ta zaga, da na fi samun sauƙi). Ta matso da benci, ta ce, "Karanta mini da Hausa daga farko, a hankali. Kada ka tsallake gaisuwar."

Har yau Yaya yana teku, muna jiran jirgin ya sake tsayawa. Rariyar kuwa na cire ta. Yanzu duk ɓarawon da ya ce mini ɗan uwa, sai na karanta saƙonsa har ƙarshe.