Ranar da Aka Karrama Zoɓona

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da na kwashi mata shida a mota, na kai su kallon abin kunyata da kaina.

Lokacin ina zaune a garin Silver Spring na Amurka, ina aikin jinya, ƙarshen mako kuma in sayar da zoɓo a kasuwar manoma. Can na haɗu da Helen, wata Baturiya mai fara'a. Kurɓa ɗaya ta yi ta lumshe ido. Ta ce ita da mijinta suna da gona a wani ƙauyen Maryland, wutarsu ta hasken rana ce, ruwan sama suke tarawa, dusar hatsin da ta rage kuma su ba maƙwabta manoma kyauta. Suna so su yi abin sha da haɗina, su sa masa sunana. Kalmar Turancin da ta kira sana'arsu da ita, ni wajen dafa shayi na san ta. Ban tambaya ba. (Ni da nake gyara wa mutane Turanci a gidan biki, da wane bakin zan ce ban gane ba?) Na zayyana mata komai, har yawan citta da kanumfari, na sa hannu a takarda, na gyara mayafi ta ɗauke ni hoto.

Bayan wata uku ta kira, wai za a yi bikin ƙaddamarwa, in zo da jama'ata.

Wadda na fara gayyata ita ce Hajiya Bilki, shugabar ƙungiyar matanmu, don ta taɓa ce min a gaban mutane, "Ke da digirinki, kin ƙare a tallar zoɓo?" Sai Inna Talatu, dattijuwar da ta zo daga Kano riƙon jikoki, da wasu mata huɗu. Duk na sa su suka yi anko. Tun daga gida har gonar bakina bai huta ba. "Turawa sun san darajar mutum," in ji ni.

Muna sauka Hajiya ta yamutsa hanci. "Wannan warin fa?"

"Tsamin zoɓo ne, Hajiya, na zamani."

A cikin wani ƙaton rumbun katako muka tarar da tankunan ƙarfe, da jama'a kowa da kofi. Ga hotona a bango ya fi ni tsawo, ga shi a jikin kowane gwangwani, ina murmushi. Helen ta rungume ni, ta kira sunana a lasifika, aka ɗaga kofuna ana tafi. Har ɗaga musu hannu na yi kamar matar gwamna.

Hajiya Bilki ba ta tafa ba. Ta ɗauki gwangwani, ta sa tabarau, ta karanta a natse.

"Ƙanwata, zo nan. Kin san giya ce wannan?"

Na buɗe baki ke nan sai muka ji muryar Inna Talatu a bayanmu, kofinta ya yi rabi. "Yarinya, zoɓon naki da daɗi, sai dai sukari bai ji ba."

Tsohuwar da ta je Makka sau biyu. Da ta gane, zama ta yi daɓas a kan ciyawa tana kuka, tana kurkure baki da ruwan gora.

A hanyar komawa ba abin da ake ji a motar sai istigfari. Kafin Litinin labarin ya kai wa mutanenmu na garin Landover, kafin Juma'a ƙanwar mahaifiyata ta kira daga Kano tana salati.

Da na yi wa Helen bayani ta yi hawaye, ta cire hotona da sunana. Abin haushin, ba ta yi min ƙarya ko ɗaya ba, komai na rubuce a takardar. Mutanenmu kuwa har yau ba wadda ta sake cewa in yi mata zoɓon suna. Ina shiga taro a yi shiru, in juya baya in ji, "Ga mai burkutu nan." Inna Talatu ta koma Kano ba mu yi sallama ba.

Yanzu duk wanda ya ce zai karrama ni, ni kaɗai nake fara zuwa, in shinshina wurin tukuna.