Kaftin Wuta Ya Durƙusa

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da gwiwoyina suka ci amanata a Kalgo ba. Ko na so in manta ma ba hali, tunda abin yana cikin faifai, faifan kuma yana cikin wayar kowane ɗan kabu-kabu daga Gwandu har Birnin Kebbi.

Ni mutumin Gwandu ne, ɗan gidan malamai, ma'aikaci a sashen gona, mai tumbi daidai gwargwado da sanƙon da in rana ta doka sai ka ga fuskarka a ciki. A gari Malam ake ce mini. In ka ga yadda nake tafiya a hankali, hannuwa a baya, sai ka rantse ban taɓa jin ƙarar ganga ba. To amma kowa da ciwonsa. Nawa ciwon kiɗan fank ne na baƙaƙen Amurka, da ɗan'uwansa rok, da ƙanwarsu sol mai sa ƙato kuka. Wani kawuna direban babbar mota ne ya shafa mini shi tun ina ƙarami, da kaset-kaset ɗin da yake kawowa daga Ikko. Shi ya rasu ya huta, ni ya bar ni da jinya.

Na yi shekaru ina rera abina a banɗaki, har Allah ya haɗa ni da masu irin cutata. Akwai Mista Danladi, malamin makaranta daga ƙasar Zuru, wanda ya koyi jita a coci, yake kuma kaɗa ta kamar ta ci masa bashi. Akwai Oga Chinedu, mai kantin kayan babur a Kalgo, mai gangunan da in ya hau kansu kajin unguwa ke daina ƙwai. Ni ne murya. Muka sa wa kanmu suna Tsawar Yamma. Ba kamfani, ba ubangida, ba mai ɗaukar nauyi. Mu ne mawaƙan, mu ne 'yan dako, mu ne masu tada janareta. A ɗakin ajiyar Chinedu muka ɗauki waƙoƙin faifanmu na farko, mun jingina katifu a bango don kada ƙara ta fita, ga zafin Kebbi, ga ƙanshin baƙin mai. (Na yi imani gumin da na zubar a ɗakin nan zai iya noman shinkafar rani a fadamar Diggi.)

Matsala ɗaya ce, ita ce surukina. Dattijo ne a Kambaza, kuma kada ku jira in faɗi sunansa, ban taɓa furta shi ba tun da na auri 'yarsa ta fari. Baba nake cewa, ko a bayan idonsa. Shi ma bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa kallon tsabar idona ba, in zai yi mini magana sai ya dubi bango ya ce, “A ce ma Malam.” A duk taron gidansa, suna ko ɗaurin aure, ni yake sawa in rufe da addu'a. Da ni yake yi wa sauran surukansa gori, wai su koyi natsuwa. Wannan matsayi na gina shi da haƙuri, da sunkuyar da kai, da ƙin yin dariya mai ƙarfi, ni da dariyata ke tada jariri a gida na uku. Kuma kun san yadda muke: kana iya son waƙa, amma wanda ya riƙe makirufo a gaban jama'a maroƙi ne, ko da fank yake yi, ko da wa'azin tsuntsaye.

Matata Hajo ta faɗa mini ƙarara. “Ka yi haukarka cikin katifu, ban hana ka ba. Amma ranar da Baba yaj ji ɗiyatai na auren maroƙi, ka nemi wanda za shi kai ka Kambaza, ba ni ba.”

Na ce, “Haba Hajo, wa zai gane ni? Na yi shiri.”

Na kuwa yi shiri. Na ƙirƙiro wani mutum mai suna Kaftin Wuta. Na sayo masa gashin kanti mai girman sheƙar shamuwa, da baƙin tabarau, da takalma masu tudu waɗanda in na hau su ina hango Jega. Na kai wa tela hoton wando irin na mutanen da, matsattse a cinya, buɗaɗɗe a ƙasa kamar bakin algaita. Telan ya dubi hoton, ya dubi tumbina, ya ce, “Malam, in bar maka rara?” Na ce kada ya kuskura, fank ba ya son rara. Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Waƙa ɗaya ta rage, wadda faifan ya ci sunanta, “Tashi Mu Taka”. Danladi ya kafe cewa ba za a ɗauke ta cikin katifu ba, sai a gaban jama'a, ranar ƙaddamarwa, don tafi da ihu su shiga ciki. Na yarda bisa sharaɗin a yi a Kalgo, nesa da idon Gwandu. Sai ya ƙara da cewa taro ba ya yiwuwa ba uban taro, kuma ya samo wani dattijon kirki da ya ba shi masauki lokacin da aka fara tura shi koyarwa a ƙauye. Ina gaban madubi ina fama da gashin kanti na ce, “Madalla, Ticha.” Ban tambayi wane ƙauye ba. Shi kuma, bawan Allah, duk shekarun nan “Baba” kawai yake ji a bakina. Kebbi kuwa cike take da Baba.

Ranar ta zo. Bayan la'asar, a farfajiyar wata makaranta, an kafa rumfa, an jera kujeru, lasifikoki sun kai tsawon mutum. Muka ɗauko wani tsohon sanƙira, Na-Allah, ya gabatar da mu, mutumin da bai san fank ba amma ya san makogwaro. Na fito daga bayan aji a matsayin Kaftin Wuta, kuma wallahi ko uwar da ta haife ni sai ta nemi shaida. Wani abokin aikina da muke tebur ɗaya yana tsaye a gefe, ya kalle ni sama da ƙasa ya ce wa na kusa da shi, “Wanga daga Gana aka ɗauko shi.” Na ji daɗi har cikin ƙashi.

Muka fara. Chinedu ya saki ganguna, Danladi ya sa jitar nan kuka, ni kuwa na manta da sashen gona, na manta da takin zamani, na manta da tumbi. Na yi juyi, na yi girgiza, na harba ƙafa. Matasa suka miƙe, masu gyaɗa suka bar tallarsu, har wasu makiyaya da ke wucewa suka tsaya da sandunansu a kafaɗa, shanu na kallo. Mai ɗaukar sauti ya ɗaga mini babban yatsa. Na ce a raina, yau ce ranar da aka haife ni dominta.

To, a tsakiyar waƙar akwai wani wuri da muka sha gwadawa: kiɗa ya ɗauke ɗif, a yi tsit, sai ni in kurma ihu, sannan kowa ya dawo da ƙarfi. Nan ne zuciyar waƙar. Kiɗa ya ɗauke. Na cika ƙirji da iska. Gumi ya sulluɓo da tabarau zuwa kan hancina, na ga duniya da haskenta karo na farko tun da na hau dandamali.

A kujerar kushin, sahun gaba, tsakiya, ga Baba. Farin rawani, babbar riga mai aska, carbi a hannu.

Yanzu ku saurara, don nan ne abin da ke ƙona mini rai har gobe. Bai gane ni ba! Kallon da yake yi mini irin wanda ake yi wa motar da ta faɗa rami ne, da tausayi, ba da sanayya ba. Abin da ya rage mini kawai in tura tabarau sama, in yi ihuna, in koma gida da mutuncina. Kaina ya san haka. Kaina ya ce, “Kaftin, yi ihu.” Amma gwiwoyina ba Kaftin ya rene su ba. Tun ranar da aka kai gaisuwar aurena ba su taɓa ganin mutumin nan suna miƙe ba, kuma ba su ga dalilin farawa ranar ba.

Na ji ƙafata ta dama tana tuɓe takalmin hagu da kanta. Na sauko daga tudu ɗaya, na karkace kamar jirgin ruwan da ya sha lodi, na tuɓe ɗayan. Sannan na tafi ƙasa.

Wandon da ba shi da rara ya faɗi ra'ayinsa. Ɓarrrr! Daga gaba har baya, kuma makirufo na hannuna, hannun kuma na kan gwiwa, don haka lasifikoki suka isar da saƙon har tasha. Na sunkuyar da kai yadda aka saba, sheƙar shamuwa ta gangaro ta faɗi gabana, sanƙona ya gaisa da rana. Sai na ji wata murya mai ladabi, muryar Malam ta gidan suna, tana fita ta lasifika:

“Baba, ina wuni. An zo lahiya?”

Kun san abin da Chinedu ya yi? Ya ɗauka salo ne. Ya buga ganga: dum-tas! Na ce, “Ya mutanen gida?” Dum-tas! Danladi ya biyo da jita. “Ya gajiyar hanya?” Dum-tas! Ni kuma gaisuwar suruki in ta fara ba ta da birki, sai na kai ƙarshenta, har shanu da damina na tambaya. Jama'a suka karɓa baki ɗaya, “Lahiya lau!” Abokin aikin nan nawa na ji shi yana ihu, “La ilaha! Malam na! Malam na sashen gona!”

Baba ya kau da kai ya dubi sandar rumfa, kamar yadda yake duban bango a gida, ya ce a hankali, “Lahiya lau.”

Na gama gaisuwa, tashi ya gagara, don abin da ke bayana ba na nunawa ba ne. Ina tsugune ina roƙon ƙasa ta yi mini alfarma ta tsage kamar wando. Sai Baba ya miƙe, ya tuɓe babbar rigarsa, ya miƙa wa Na-Allah. Nufinsa a rufa mini asiri. Amma sanƙira sanƙira ne. Riga ta taɓa hannunsa, tsohuwar sana'a ta motsa.

“Jama'a, an yi kyautar riga! Uban taro ya tuɓe ta jikinai ya ba mawaƙi! Kaftin, tashi ka wasa mai riga! Kira sunanai, duniya ta ji!”

Haka al'ada take: wanda ya ba mawaƙi riga, sai an ambaci sunansa da na ubansa cikin waƙa. Ni kuma sunan nan ko a mafarki ban faɗe shi ba. Na tsaya cikin rigar surukina, ba takalmi, ba gashi, iska na shiga ta inda bai kamata ba, kiɗa na jira, Na-Allah na zungurata. Na buɗe baki na rera abin da kawai zan iya: “Baba... Baba dai... Baba na Baba...” da muryar sol mai rawa, don kuka nake son yi da gaske. Mata suka rangaɗa guɗa.

Washegari na ce a goge. Na yi rantsuwa, na yi barazanar ficewa. Danladi, bayan ya ba ni haƙuri har da dafa ƙirji, ya ce, “Amma Malam, tsakani da Allah, ka taɓa jin fank irin wannan?” Chinedu ya ce, “Ka bar shi, Malam. Wannan ɓarrr ɗin, ko a Legas ba su da shi.” Biyu suka rinjayi ɗaya. Faifai ya fita da komai a ciki. Waƙoƙin da muka sha wuya a kansu cikin katifu, ba wanda ya san su. Amma in na shiga kasuwa sai wani ya ce, “Ya mutanen gida?” wani daga rumfar nesa ya amsa, “Dum-tas!”

Hajo ta yi mako ba ta ce mini komai ba sai “ga tuwo”. Sannan aka haihu a Kambaza, kuma ba yadda za a yi in ƙi zuwa suna. Na tafi kamar mai zuwa kotu. Na zauna can baya, wajen takalma. Aka raɗa suna, aka raba goro, lokacin addu'a ya yi. Sauran surukan nan da aka daɗe ana yi musu gori da ni suka gyara zama, kowa na murmushin mugunta. Baba ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya dubi bango.

“A ce ma Malam shi yi muna addu'a.” Ya ja ƙwayar carbi ɗaya. “Shi yi ta zaune. Ba mu da tela kusa.”

Ban taɓa jin dattawa sun yi dariya irin ta ranar ba. Liman har da share hawaye da gefen rawani. Ni kuwa na ɗaga hannu na yi addu'a mafi tsawo a rayuwata, don dai har yanzu Malam ya ce, bai ce Kaftin ba.

Rigar tana nan a akwatina. Mayar da ita na nufin a tada zancen, kuma daga ni har shi ba mai iyawa. Abin da na koya shi ne, kana iya sauya gashi, ka sauya suna, ka ƙara tsawo, amma gwiwa ta san gidan da aka rene ta. In abokinka ya ce ya samo uban taro, tambayi ƙauyen. In kuma tela ya ce zai bar maka rara, don girman Allah ka bar shi ya bari.