Cindo da Uwar Garken Shagon Hoto

A Haɗeja an yi wani magidanci, Cindo, yana zaune da matarsa Jummala a gidan kawunsa Alhaji Mamuda. Cindo ba shi da ƙiwuya, sai dai duk abin da aka faɗa masa, yadda ya ji shi haka zai aikata. Kawun yana da shagon hoto a bakin kasuwa, da wani a garin Malam Madori, kuma kullum hotunan bikin mutane sai an kai su can a mota. Isiyaku mai gyaran kwamfuta ya ce a nemi uwar garke, wato babbar na'urar da za a tara fayiloli a ciki, kowane shago ya riƙa ɗauka daga inda yake.

Wata rana Alhaji ya ce, "Cindo, je ka duba mana uwar garke mai kyau." Da la'asar sai ga shi janye da wata tsohuwar akuya.

"Kawu, makiyayin ya rantse duk garken ita suke bi."

Kafin a gama yi masa bayani ta cinye hotunan fasfo na wani maniyyaci.

Wata rana kuma Isiyaku ya rubuta masa sunan kanti a Kano, ya ce ya zaɓo wadda za ta iya magana da kowace irin kwamfuta. Cindo ya bi na'urorin kantin yana yi wa kowace sallama, babu wadda ta amsa. Can ya kara kunne jikin wata da fankarta ke gurnani, ya tambaye ta iyali, ya ce da mai kanti, "Wannan za a ba ni. Tana magana, sai dai ba Hausa ba." Alhaji ya yi ta faɗa a waya, amma da Isiyaku ya haɗa ta, ta yi aiki.

Wata rana aka ce ya raba fayil ɗin bikin 'yar sarkin pawa tsakanin shagunan biyu. Ya ɗauko hoton bikin ya sa almakashi. Ango ya tafi Malam Madori, amarya ta zauna a Haɗeja.

Wata rana da damina Alhaji zai tafi gaisuwar mutuwa, ya ce, "Aikin makon nan duk a ɗora shi a sama kafin in dawo." Nufinsa intanet. Cindo ya zare wayoyi, Jummala ta riƙe masa tsani, ya ɗora uwar garken can cikin silin. Masu karɓar hoto suka yini suna zaginsa.

Washegari kogi ya ɓalle, ruwa ya shiga kasuwa har ƙugu. Alhaji ya dawo ya tarar da kwamfutocinsa cikin laka, ya zauna a bakin ƙofa ya dafe kai, yana tunanin abin da zai gaya wa mutanen da bikinsu ba zai maimaitu ba.

Cindo ya nuna silin. "Kawu, a sauko da ita, ko akwai saman da ya fi wannan?"