Shuɗin Bokitin Inna Ya Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da baya mai ciwo, Inna mai goge-goge ta ɗakin waɗanda aka yi wa tiyata ke sanar da rasuwar shuɗin bokitinta, ranar Talata da hantsi, bayan shekara goma sha ɗaya yana aiki ba hutu.

Marigayin mai haƙuri ne. Ya sha jini, ya sha amai, bai taɓa ɗaga murya ba, in ban da ƙiii ɗin marikinsa da ƙwal in ya bugi ƙafar gado. Da wannan ƙarar majinyata ke sanin gari ya waye.

Ciwon ajalinsa tsagewa ce a gindi. Sau uku Inna ta nemi sabo, aka ce ta jira. Da ta gaji, ta narka leda ta liƙe. Ba ta taɓa ha'inci a awo ba: maganin kashe ƙwayoyin cuta murfi biyu cif, yadda aka koya mata. Sai ga raunin matar gado na shida ya ƙi warkewa, an canza allura kala huɗu, ruwa bai daina fita ba. Masu gwaji suka zo da auduga a tsinke, suka shafi gado, famfo, hannun ƙofa, har da marigayin. Sakamako ya wanke maganin: ƙwayoyin nan da suka gagari allura, in ya riske su a fili, gamawa yake da su. Amma ƙarƙashin liƙin, inda dauɗa ta daskare, bai taɓa kai musu ba. Can suka yi gida, Inna tana yawo da su gado-gado kowace safiya, tana yi wa mutane sannu da jiki.

Ya rasu ya bar sandar goge ƙasa, tsumma uku, da Inna, wadda ta kasa haɗa ido da mijin matar nan, mutumin da kullum yake ɗage ƙafa in ta zo goge ƙasa, ya yi mata sannu da aiki.

Za a ƙone shi gobe ƙarfe goma a bayan asibiti, cikin jar leda. Ba za a yi masa wanka ba. Masu zuwa su wanke hannu da sabulu. Ita Inna ba za ta samu halarta ba. An kawo sabon bokiti, kuma tun jiya ba kowa a gado na shida, ba kuwa sallamar matar aka yi ba. Inna ce za ta goge gadon.