Rasuwar Kwamfutar Mai Hoto a Hannun Surukinsa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushi, Mai Hoto na bakin kasuwa yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarsa ta tebur, wadda rai ya yi wa halinsa ranar Laraba da hantsi, a cikin shagonsa, yana tsaye yana kallo.

Marigayiyar ta zauna lafiya da kowa. Gaskiya ba mai saurin tashi ba ce. Sai an kunna ta, an share shago, an dawo, sannan ta ce "ɗit" ta buɗe ido. Amma in ta tashi, ta tashi ke nan. Ta rufa asirin amare masu ƙuraje, ta mayar wa angwaye sumar da ta zube, ta sa wa marasa kwat kwat don hoton neman aiki, kuma ba a taɓa jin ta kai maganar wani waje ba. In aiki ya yi mata yawa, iyakarta ta ce "fuuu" da fankarta, kamar tsohuwar da ta sauke tulu.

A cikinta Mai Hoto ya ajiye hoton mahaifiyarsa mai rasuwa, guda ɗaya tilo da aka taɓa ɗauka, don ita ba ta son tsayawa gaban kyamara, ko da ta ɗanta ce. Na takarda kuwa, ruwa ya cinye shi tun shekarar da rufin ɗaki ya yi yoyo. Saura na cikin kwamfuta, mai wata tsaga da ta ratsa goshi. Don ya gyara tsagar nan ya sayo sabuwar manhaja, kuma daga nan ciwon ajali ya soma.

Ciwon bai fi mura ba. Ana ɗora manhajar sai ta kai rabi ta tsaya, wani ɗan akwati ya fito ya ce wuri bai isa ba. Maganin kawai a kwashe tsofaffin hotunan biki a sake gwadawa. Ana cikin haka sai ga surukinsa, mahaifin matarsa, wanda ya yi ritaya daga wani ofis inda teburinsa yake kusa da na mai kwamfuta.

"Tashi ka gani, yaro," in ji shi. "Wuri take nema, ai sai a ba ta. Mu da muka san su tun suna baƙi da fari."

Mai Hoto ya tashi, don ba a musu da suruki. Tsoho ya zauna, ya gyara tabarau, ya bar manhajar, ya kutsa can inda ake mayar da kwamfuta sabuwa fil. Duk abin da aka tambaye shi sai ya danna "e", kamar mai amsa gaisuwa. Marigayiyar, Allah sarki, ta yi iya ƙoƙarinta. Ta tambaya ko a goge komai. Ta sake tambaya ko an tabbata. Mai Hoto ya karanta, ya gane sarai. Ya yi gyaran murya, ya sake yi, ya ce, "Baba, da dai..." Baba ya ɗaga masa hannu. Kunya ta hana Mai Hoto ƙarasawa, yatsan Baba ya sauka kan "e".

Da aka ga ta daɗe tana nishi, Baba ya ɗan mare ta a gefe, ya zare wayarta daga bango don ta huta. Ta kuwa huta. Mai gyara ya buɗe cikinta, ya girgiza kai, ya ce babu abin da za a iya tsamowa.

Abin da ya fi ci wa Mai Hoto rai shi ne, shi da kansa ya raka Baba har bakin titi, ya rusuna ya ce an gode, Allah ya ƙara girma. Har yau Baba yana gaya wa mutane cewa da an kira shi da wuri, da ta rayu. Matar Mai Hoto ta ce, "Haba, ai da kyakkyawar niyya ya yi." Ya sani, shi ya sa ma ya rasa wanda zai zaga.

Ta rasu ta bar kibod mai gogaggun haruffa, da linzami, wato maus, mai ɗingishi, da firinta wadda dama ba su taɓa jituwa ba, da 'yar Mai Hoto da aka sa wa sunan kakarta, wadda aka yi wa alkawarin za ta ga fuskar mai sunanta da zarar an gyara hoton.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe a bayan shago, inda mai sayen tsofaffin ƙarafa zai ɗora ta a sikeli. Baba ya ce zai zo, kuma za a ba shi kujera. Ana roƙon masu ta'aziyya kada su ce a yi haƙuri, an riga an yi har ya yi yawa. Sai dai duk mai tsohon hoton suna ko na biki, ya duba can gefe ko layin baya. In ya ga wata doguwar mata tana kau da kai daga kyamara, ya taho da shi, ko rabin fuska ce ana so.